Tayar da Ba Ta Taka Ƙasa Ba

Ku da kuke cika mini benci da hantsi kuna danna waya, na ji abin da kuke cewa. Wai aikin Baba Mamman ba aiki ba ne: a ɓanɓare taya, a liƙa faci, a hura iska, shi ke nan. Ido ne ya fara gajiya, kunnena lafiya lau. Shekaranjiya ɗayanku ya ce da zai samu rumfa da injin iska, kafin wata ya mutu ya kwashe mini masu mota kaf. Allah ya ba shi sa'a. Na mirgino masa taya na ce ya faɗa mini ko wace iri ce. Ya leƙa, ya ɗago yana murmushi, ya ce, "Sha shida ce, Baba."

Ban yi masa faɗa ba, domin ba shi ya fara ba. Duk ƙasar Gure haka ake kiran taya, da lambar ƙarshe kaɗai. Mutum zai aiko daga Gamu ko Kelle a ce a ba mai mota sha huɗu ko sha shida, kamar mai sayen takalmi. Sauran rubutun da ya kewaye gefen robar an ɗauke shi ado. Wannan ɗabi'a ta ci mini aboki, ta kuma raba ni da ɗansa. Ku ajiye wayar ku ji.

Aikin farko da Ba Kyari ya ba ni, ranar da mahaifina ya kai ni rumfarsa a bakin tasha, shi ne wankin gefen taya. Ba Kyari gajeren dattijo ne mai faɗan tsiya, in ransa ya ɓaci sai Hausar ta ƙare masa ya koma yarensu na Mangaci. Ya miƙo mini tsumma da ruwa a gwangwani, ya ce duk tayar da ta shigo rumfar nan kada a taɓa ta da ƙarfe sai na wanke gefenta fes. Na yi ta wanki har na fara zaton sayar da ni aka yi. Ran nan sai ya cafki babban yatsana, ya ɗora shi kan rubutun da ya taso tudu-tudu a jikin robar, ya riƙa jan shi a hankali daga wannan lamba zuwa waccan. Bai yi lakwal ba, wato boko, ajami yake karantawa, amma lambobin taya ko ido a rufe ya san su.

"Taya ba ta ɓoye komai," in ji shi. "Girmanta da ƙarfinta da ranar haihuwarta duk ga su nan a wuyanta. Mutane ne ba sa tambayarta."

Kayan aikinmu a lokacin ba su cika buhu ba. Ƙarafa biyu na ɓanɓare taya, waɗanda maƙeri ya ƙera daga ƙarfen tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya. Guduma. Famfon hannu da ke cinye ƙugun mutum kafin taya ɗaya ta cika. Rabin ganga da ruwa, inda ake tsoma shambur, wato robar ciki mai riƙe iska, a nemi inda take kumfa. Sai tsohon fistan na injin mota da muke matse faci da shi, mu zuba masa ɗan mai mu kunna, zafin ya gasa facin ya zama jiki ɗaya da robar. Injin iskar nan da kuke gani ya zo ne bayan furfura ta fara. Ƙarafan kuwa har yau su ne, Ba Kyari ya bar mini, ga su can jingine da ginshiƙi. Kuma ya bar mini ƙa'ida tare da su: mai faci yana iya ƙin aiki, amma ba ya hana mutum aron ƙarfe, domin ba ka san wanda mota ta ajiye a daji ba.

Wata rana, ina sabon buɗe tawa rumfar, wani direban ƙaramar mota ya zo yana zagin makanikai. Wai motarsa tana jan dama, an kwance gabanta an ɗaura, an sake kwancewa, ba ta daina ba. Na durƙusa na goge gefen tayoyin gaba. Ta hagu 185/70 R14, ta dama 185/60 R14. Na ce masa ƙafafun motarka ba tsayinsu ɗaya ba. Ya ce, "Haba malam, duka sha huɗu na saya!" Gaskiya ya faɗa, kuma a nan matsalar take.

To ku buɗe kunne. Lambar farko faɗin taya ce. Ta biyu, wadda ke bayan sandar nan da ta karkace, tsayin gefenta ne, daga bakin janti zuwa inda take taka ƙasa, an auna shi da faɗin: saba'in na nufin kashi saba'in cikin ɗari na faɗin. Harafin R yana faɗa maka yadda aka jera zaren cikinta. Ta ƙarshe, wadda kowa ya haddace, ba ma tayar take aunawa ba, janti take aunawa, ƙarfen da tayar ke zama a kai. Wanda ya ce maka sha shida, ramin tsakiya kawai ya faɗa maka. Tsofaffin katkat kuma, motocin nan na daji masu ja da ƙafa huɗu, nasu lissafin daban ne, za ka ga 7.50 R16, ba sanda, ba lambar tsakiya. Duk suna hawa janti ɗaya, amma tsakaninsu kamar jaki ne da raƙumi.

Abin da ya fi kashe mutane kuwa yana gaba da wannan, a ƙananan lambobin da ba a ko kallo. Bayan girman za ka ga wata lamba da harafi manne da ita. Lambar tana faɗin nauyin da tayar za ta iya ɗauka, harafin kuma gudun da za ta jure. Wadda aka rubuta wa 104, buhu tara na kilo ɗari-ɗari ne iyakarta. Wadda aka rubuta wa 121 tana ɗaukar buhu goma sha huɗu da rabi. Tayar ɗaukar kaya za ka ga C ko LT a jikinta, ko 12PR, ko 14PR, wato ƙarfin gefenta kamar ninki goma sha biyu ne ko sha huɗu. In ka ga hoton dutse mai kai uku da wani ɗan tauraro a cikinsa, an yi ta ne domin ƙasashen da ruwa ke daskarewa a hanya, robarta laushi gare ta, ranar Gure ba abokiyarta ba ce. Sai can gefe guda, cikin wani ɗan zagaye mai kama da ƙwai, lambobi huɗu: biyun farko satin da aka yi ta, biyun ƙarshe shekarar. Roba tana tsufa ko ba ta taɓa hawa hanya ba. Masu okaziyo, tayoyin da aka gama yayi da su a wata ƙasa aka turo mana, sun san da haka, shi ya sa suke shafe su da baƙin mai har su yi sheƙi. Ba ƙarya suke yi da baki ba. Sun dai san ba wanda zai durƙusa ya karanta.

Tayoyin Bukar na fi daɗewa ina yi wa aiki. Tare muka taso a unguwa ɗaya, ni na tsaya a rumfa, shi ya bi mota har ya mallaki tasa, tsohuwar katkat mai buɗaɗɗen baya. Hanyarsa Gure zuwa Kelle, daga can ya miƙe Alakos inda danginsa suke kiwo. Dogo ne, bakinsa kullum ja da goro, kuma ba ya iya gaisuwa ba tsokana. Tun daga nesa zai danna oda ya leƙo da kai.

"Likitan roba! Marasa lafiya nawa ka kashe yau?"

"Saura kai," nake ce masa.

Ya san yashi fiye da yadda ya san ɗakinsa. Duk direban da ke bin arewacin nan yana da dabara ɗaya, kuma dabara ce ta gaskiya. In an iso tudun yashi sai a sauka, a danna bakin iskar taya da tsinke ko ƙusa, a bar ta ta yi ta huci har ta saki ciki ta baje a ƙasa. Taya mai cike da iska tana haƙa yashi ta binne kanta, wadda aka sassauta kuwa sai ta bi samansa. Bukar da kunne yake auna tasa, bai taɓa riƙe ma'auni ba. Ƙa'ida ita ce in an fita daga yashi aka hau tsandauri, a tsaya a mayar da iskar. Amma wa zai tsaya da famfon hannu a tsakar rana, fasinjoji suna ƙorafi, awaki suna kuka a saman kaya? Ba mai yi. Bukar ma ba ya yi. Tayoyinsa 7.50 R16 ne masu ninki goma sha biyu, gefensu kamar fatar kiri, suna yafe masa. Shekara da shekaru suna yafe masa, har ya ɗauka hannunsa ne ke da albarka.

Sai muguwar shekarar ta zo. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, ciyawa ba ta kai idon sawu ba ta bushe. Kafin bazara ta yi tsakiya daji ya zama fili. Makiyaya suka riƙa koro dabbobi kasuwa, ba mai saye, saniya da ƙashin haƙarƙari a waje. Duk mai mota a Gure ya koma jigilar dusa da gangunan ruwa zuwa arewa. Ban taɓa yin aiki kamar na wannan shekarar ba, ban kuma taɓa ƙin jinin aikina kamar lokacin ba. Mutum zai kawo shambur da faci ya fi roba yawa, ya ce in ƙara ɗaya. Na ɗinke gefen taya da waya, na sa guntun wata a ciki na tare ɓaraka, abubuwan da Ba Kyari zai mare ni in ya gani. Tayar kirki ta daji kuwa ta ɓace a garin nan, duk wadda ta shigo kafin ta sauka daga kamiyo an riga an kama.

Na bayan Bukar biyun suka ƙare tare, har zare ya fito. Ina da ɗaya tsohuwa mai sauran rai da na ajiye masa. Ta biyun na yi magana da wani direban kamiyo mai zuwa Damagaram, na sa ya maimaita lambar a gabana har ta zauna masa: 7.50 R16, 12PR, kada ya karɓi wata. Ya ce in ya samu lodi zai juyo. Muna cikin jira saƙo ya zo daga Ya Mele, wan Bukar da ke Alakos, cewa shanu sun fara kwanciya, sai an taru an kama wutsiya ake tayar da su. Shanun nan su ne duk abin da gidansu ya mallaka tun daga kakansu.

Da hantsi sai ga Bukar yana mirgino tayoyi biyu daga kasuwa, ɗaya a kowane hannu, baƙaƙe wul, zanensu zurfi kamar ba a taɓa hawa ba. Fuskarsa a sake, rabon da in ga haka tun kafin kaka.

"Likita, Allah ya yanke mana wahala. Ɗaura mini, yau nake son in kai."

Na ɗauko tsumma na goge man da aka shafa. 225/75 R16. Gaba da shi 104T. Ba C, ba LT. Ga dutsen nan mai kai uku da tauraronsa. Na danna gefen da gwiwa, ya lotsa kamar burodi.

"Bukar, wannan ba taka ba ce."

"Kamar yaya ba tawa ba? Sha shida ce. Duba da kyau."

"Sha shida ce, amma ta motar yawo ce, ta mutum huɗu da jakarsu. Buhu tara take ɗauka in tana cike da iska. Kai kuma na san lodinka, na san abin da za ka yi in ka iso yashi."

"Kai dai da lambobinka! Dubi zane, mutumina. Yatsa na nutsewa."

"Zane ba shi ke ɗaukar kaya ba. Gefe ne. Ka ba ni ɗan lokaci, mai kamiyo na hanya."

"Yana hanya tun yaushe? Ka je ka faɗa wa shanun Ya Mele su jira mai kamiyo."

Na ce to mu sa su a gaba, mu mayar da na gaba baya. Muka duba na gaban, su ma ɗaya tana da ɗinki a gefe, ba za ta ɗauki lodi ba. Na ce ya raba kayan gida biyu, ya yi sawu biyu. Ya ce da wane man? Duk ƙofar da na buɗe sai ya nuna mini a toshe take, kuma ba ƙarya yake yi ba. Daga ƙarshe na miƙe na ce masa ni dai hannuna ba zai ɗaura wannan a bayan motarsa ba.

Tun muna yara ban taɓa ce masa a'a ba.

"To ara mini ƙarafanka," in ji shi.

Na miƙa masa. Ƙa'ida ce. A nan ƙarƙashin rumfar nan, daidai inda ƙafarka take, kai mai jar hula, ya durƙusa ya ɗaura su da kansa, ya sa shambur, ya buga zoben janti da guduma, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ni kuwa ina zaune ina facina. Da ya gama ya goge ƙarafan ya jingine su inda ya ɗauka. Na bi shi har bakin mota na kama ƙofar.

"In ka rage iska a yashi, don Allah ka mayar kafin ka hau tsandauri. Waɗannan ba sa yafiya."

Ya yi ƴar dariya, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

"To, likita. In na dawo ka yi mini allura."

Na ga fitarsa daga gari, buhunan dusa sun haura kan motar, ganga biyu a ɗaure a baya, mutum biyu zaune a sama. Bayan motar ya zauna har tayoyin sun yi kumatu.

Ɗaya daga cikin na saman kayan ne ya ba mu labari, hannunsa a ɗaure da kara. Ya ce sun iso yashi Bukar ya sauka ya rage iska yadda ya saba, suka haye lafiya. Da suka fito kan ƙasa mai tauri da tsakuwa rana ta take, shi da kansa ya ƙwala masa kira ya ce ko a tsaya a buga famfo, domin yana jin warin roba. Bukar ya leƙo ya ce shanu ba sa jira. Ba su yi nisa ba ta bayan hagu ta fashe. Motar ta yi gefe, ta kifa. Su biyun da ke sama, kaya suka watsar da su can cikin yashi, suka tashi da karaya. Bukar kuwa motar ta danne. Kafin a samu mutanen da za su ɗaga ta ya cika. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Dusar ta zube a hanya, wadda aka tsince ba ta isa komai ba, shanun Ya Mele ƙalilan ne suka ga damina.

An kawo mini gawar tayar daga baya. Zanen yana nan cif, yatsa na nutsewa kamar yadda ya faɗa. Gefen ne ya dahu ya tsage zagaye, zaren ya fito baƙi.

Muna zaman makoki a ƙofar gidansu aka zo aka ce mini mai kamiyo ya ajiye saƙo a rumfa. Bai ji labari ba, ya sauke ya wuce. Na zo na tarar da ita jingine da ginshiƙi, kusa da ƙarafan. Sabuwa fil, da ƴan gashin robar nan da ke jikin tayar da ba ta taka ƙasa ba. Na durƙusa na bi ta da yatsa. 7.50 R16. 12PR. 121. Shekarar da muke ciki aka yi ta. Ko lamba ɗaya mutumin bai kuskure ba. Tun da nake sana'ar nan ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan karatun ba.

A wannan shekarar da na ce zan sayar, da kafin in rufe baki an ɗauka. Direbobi sun yi ta sintiri, har da masu haɗa ni da Allah. Na ce ta Bukar ce. Na naɗe ta da tsohuwar tabarma na kai ta ɗakin baya a gidana, inda rana ba ta shiga. Ya bar ɗa namiji, Ari, wanda Ya Mele ya ɗauka ya tafi da shi Alakos. Na ce a raina in yaron ya girma ya kama mota, ita ce zan ba shi. Ni da nake faɗa wa kowa roba na tsufa a kwance, na san da haka sarai. Amma duk lokacin da na shiga ɗakin da niyyar fitar da ita, sai in gyara mata tabarma in fito.

Bara, bayan kaka, wata katkat ta tsaya a gaban rumfar nan. Tun kafin in ga direban na gane ƙarar. Dangi ne suka haɗu aka tayar da motar Bukar da ta shekara da shekaru a kan duwatsu, aka buga mata jiki, aka ba Ari, wanda ya gama aparanti, wato zaman yaron mota, a manyan motoci. Ya sauko, dogo, har yadda yake jefa ƙafa na ubansa ne. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, na tambayi Ya Mele da mutanen gida. Sai ya ce,

"Baba, an ce akwai sha shida ta babana a wurinka."

Na aika aka ɗauko. Da aka warware tabarmar sai ya matso kusa. Ya sa tafin hannu yana shafa ta, yana taɓa ƴan gashin robar ɗaya-ɗaya. Ya ce tun yana ƙarami ake ba shi labarinta, cewa akwai tayar da aka kawo wa ubansa ba ta same shi ba, tana Gure tana jiransa. Ya ce a bayan hagu yake son a sa ta.

Na durƙusa. Idona ba ya ganin ƙananan lambobi yanzu, yatsan da Ba Kyari ya koya wa karatu shi ke yi mini aiki. Girma daidai. Ninki daidai. Nauyi daidai. Na zagaya har na iso ɗan ƙwan nan mai lambobi huɗu, ko da yake na san abin da zan tarar. Ta haura shekara goma da nisa. Na danna gefen da gwiwa na bi wurin da yatsa, sai na ji ƙananan tsage birjik, irin fason dunduniya. Daga tsaye ba mai ganinsu.

"Ari, wannan ta mutu."

"Ta mutu? Baba, ko ƙasa ba ta taɓa takawa ba!"

"A kwance ta tsufa. Kawo yatsanka ka ji."

Bai kawo ba. Ya ce sabuwa ce fil, kowa ya gani. Ya ce tayoyin da ke ƙarƙashin motar yanzu ma ba su kama ƙafarta ba. Na ce waɗancan sun sha hanya amma robarsu da rai, wannan kuwa ranar da ya yi mata lodi ya rage mata iska a yashi, ranar za ta buɗe. Na ce ya bari in nemo masa wata. Ya ce shi ba wata yake so ba, ta ubansa yake so. Masu shayi na gefe suka juyo suna kallonmu. Na ce masa hannuna ba zai ɗaura ta ba.

Ya share fuska da hannun riga, ya waiga wajen ginshiƙi.

"To ara mini ƙarafanka, Baba."

Ƙarafan suna nan jingine inda ubansa ya mayar da su. Ban hana shi ba, Ba Kyari bai koya mini hanawa ba. Na dai tashi na ɗauko wuƙar da nake yanka roba da ita, na tsoma ta a ruwan ganga, na dafe tayar da gwiwa, na luma ta a gefe daidai kan lambobin, na ja har ƙasa. Tsohuwar roba ba ta ko yi gardama ba.

"Ga ƙarafan can," na ce masa. "Ɗauki."

Ya tsaya yana kallon ɓarakar. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. A hankali ya ce, "Abin da ya rage mini nasa ke nan." Ya juya ya shiga mota.

Na ƙarasa yanka ta, na yi mata gindi, ta zama komin shayar da dabbobi. Na ba wata mota ta kai wa Ya Mele. An ce ya karɓa, awakinsa na sha a ciki. Ari kuwa ya sauya rumfa, can ƙasan gari yake kai aikinsa, wurin wani da ya koya a hannuna. Mai rumfar ne ya zo ya faɗa mini cewa ranar da Ari ya je sayen taya, ya ƙi yarda a ɗaura sai da ya karɓi tsumma ya goge gefenta, ya durƙusa ya daɗe yana nema, ya ɗago ya tambaya a ina ake ganin shekarar.

To kun ji. Mai son rumfa da injin iska, ga tsumma can a kan ganga, ga gwangwani, ya fara da waccan ta bakin ƙofa. Ni ku matsa mini in zauna a bakin benci, yau ranar da motocin Kelle ke dawowa ce. Ari ta nan yake bi. Ba ya danna oda, ba ya ɗaga mini hannu, kansa ma ba ya juyowa. Ina jin ƙarar motar tun daga nesa, in bi ta da kunne har ta shige tasha. Ya tafi, ya kuma dawo.